Idan an yaɗa bidiyon sirrinki a Katsina: matakan da za a bi, da hukuncin da ke jiran mai turawa

Duk ranar da bidiyon tsiraicin wata ya fita a garin nan, tambayar da ake fara yi ita ce: me ya kai ta ɗauka? Har a jawo karin magana, wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Doka ba daga nan take farawa ba. Tambayarta ita ce wa ya tura, wa ya sake turawa, wa ya nemi kuɗi. Yarda a ɗauki bidiyo daban, yarda a yaɗa shi daban, ko da miji ne ya ɗauka a ɗakin aurensu. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata abin ya fi ci, amma samari da magidanta ma ana damfararsu ta wannan hanya, kuma matakan ɗaya ne.

Fara sanin abin da ke wuyan mai yaɗawa

Babbar dokar ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ta tarayya ce, don haka tana aiki a Katsina da Daura da Funtuwa kamar yadda take aiki a Legas. Sashe na 24(1) ya hukunta wanda ya tura batsa da gangan ta kwamfuta ko intanet, kuma wayar hannu tana ciki: tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Gyaran 2024 ya rage faɗin wannan sashe, bayan an daɗe ana kukan ana kama 'yan jarida da shi har kotun ECOWAS ta yi hukunci a kansa, amma maganar batsa ba a cire ta ba.

Idan barazana ta shigo, hukunci ya ƙaru. Wanda ya ce ki turo kuɗi ko ya zubar miki da mutunci ya faɗa sashe na 24(2): ɗaurin shekara 5, ko tarar da ta fara daga naira miliyan 15, ko duka. Idan barazanar ta kai ga jefa ki cikin tsoron kisa ko duka, shekara 10 ce, ko tarar da ta fara daga miliyan 25. A lura, wannan laifi ya tabbata tun daga saƙon barazanar, ko da bidiyon bai fita ba.

Idan wadda ke cikin bidiyon ba ta kai shekara 18 ba, sashe na 23 ne ke magana, kuma ba ya sauraron cewa ta yarda. Mai ɗauka da mai rarrabawa, shekara 10 ko tarar da ta kai miliyan 20 ko duka. Wanda kawai ya nema ko ya ajiye a wayarsa, shekara 5 ko tarar da ta kai miliyan 10 ko duka.

Sai dokokin jiha. Kundin laifuka na Katsina, wanda aka sabunta a 2021, ya san ɓata suna, ya san tsoratarwa, ya san tatsar kuɗi da barazana. Ga kuma kotunan shari'ar Musulunci masu aiki a kan Musulmi. Wanda ya liƙa wa bidiyo rubutu yana jifan mace da zina ya buɗe wa kansa ƙofar ƙazafi, wanda aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 idan bai kawo shaidu huɗu ba. Ƙazafi yana da sharuɗɗansa, alƙali ne zai duba ko sun cika, amma ko ba su cika ba akwai ta'aziri. Shi kuwa tsohon mijin da ya saki bidiyo don huce haushin saki, ya tuna hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya sa mai tona asirin shimfiɗar matarsa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama.

Mataki na 1: kada ki goge, kada ki biya, kada ki mayar da martani

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya share komai, ya karya layin waya, ya shige ɗaki. Wannan gogewar ita ce kyautar da mai laifi ke jira. Saƙonninsa, muryarsa, lambar asusun da ya turo, su ne shari'ar taki gaba ɗaya.

Kuɗi kuma ba sa kashe wannan wuta. Wanda aka ba dubu hamsin yau, jibi zai nemi dubu ɗari, domin ya gane akwai tsoro kuma akwai abin bayarwa. Idan har an riga an biya, ba laifinki ba ne, ki ajiye rasit da saƙon banki. Asusun banki yana ɗaure da BVN, layin waya yana ɗaure da NIN, ta nan ake bin sawu. Kada ki zage shi, kada yayyenki su yi masa barazanar duka ta waya, domin wannan sashe na 24 ɗin zai iya juyowa kansu. Ki yi shiru kawai. Toshe shi zai zo, amma sai an gama mataki na gaba.

Mataki na 2: tara hujja yadda kotu za ta karɓa

A nan ake cin shari'a ko a faɗi, don haka zan ɗan tsaya.

Ki ɗauki hoton fuskar waya na kowane saƙo, ta yadda lambar wayarsa za ta fito, ba sunan da kika ajiye shi da shi ba. Hoton da ya nuna "Sani Makwabci" ba ya nuna komai, sai kin buɗe bayanan lambar kin ɗauka. Rana da lokaci su fito. Idan a Facebook ko TikTok ko Instagram aka saka, ki kwafi adireshin wallafar da adireshin shafin mai ita, domin suna ana canza shi cikin minti ɗaya. Idan a guruf ɗin WhatsApp ne, a ɗauki sunan guruf ɗin, da jerin admin, da lambar wanda ya fara sakawa. WhatsApp yana da hanyar fitar da hira gaba ɗaya zuwa fayil guda, ki yi hakan ki tura wa imel ɗinki. Ki gaggauta, domin mai turawa yana da kusan kwana biyu da zai iya goge saƙonsa daga wayar kowa.

Bayan haka ki samu littafi, ki rubuta da hannu: yaushe kika fara jin labari, wa ya faɗa miki, a ina ya gani, wa kika taɓa tura wa bidiyon, wa ya taɓa riƙe wayarki, ko kin kai ta gyara kwanan nan. Wannan tambayar ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. Bidiyoyi da dama ba daga saurayi suke fita ba, daga wayar da aka kai gyara ne, ko aka sayar ba a wanke ba, ko katin memori da ya faɗi.

Dalilin duk wannan wahala shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, kotu tana so a nuna na'urar da ta fito daga ciki, da cewa tana aiki daidai a lokacin, kuma yawanci da takardar shaida mai sa hannu. Saboda haka ki riƙe ainihin wayar. Kada ki sayar, kada ki musanya, kada a yi mata filashin. Kada a yanke hoto ko a zana masa da'ira, a bar asali yadda yake.

Ka'ida guda ta bambanta: idan yarinyar ba ta kai 18 ba, kada iyaye ko malamai su kwafi bidiyon ko su tura wa dangi "don a gani". Ajiye shi kansa laifi ne. A rubuta lamba da adireshi da lokaci, a kai wayar kanta wurin hukuma.

Mataki na 3: samu babba guda, sannan lauya, kafin caji ofis

Ba a ɗaukar wannan kaya mutum shi kaɗai. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri: inna, gwaggo, yaya, ko malamar Islamiyya. Magana gajera ta isa: "Gwaggo, akwai wanda ke yi mini barazana da hotona, ina so ki raka ni wurin lauya." Kuma gara Baba ya ji daga bakin na gida da ya ji a majalisa. Ku kuma iyaye, duka da korar yarinya a wannan rana aikin mai yaɗawa kuke ƙarasa masa. A sa mata ido, kada a bar ta ita kaɗai da dare, idan ta fara maganar mutuwa ta fi mata, a kai ta asibiti ranar nan.

Me ya sa lauya kafin 'yan sanda? Saboda wani abu da masu ba da shawara a intanet ba sa faɗa. A Katsina zina laifi ce a doka, kuma ikirari yana cikin hanyoyin tabbatar da ita. Sannan sashe na 24(1) da ya hukunta tura batsa bai ware wadda ta tura nata da kanta ba. Wanda ake tuhuma, idan ya ga uwar bari, zai yi ƙoƙarin juya maganar ta koma kanki. Wannan ba dalilin yin shiru ba ne. Dalili ne na tsara bayani da wanda ya san doka, a tsaya a kan laifin da aka yi miki: an yaɗa, an yi barazana, an nemi kuɗi. Ki faɗa wa Barista gaskiya duka, ko mai ɗaci ce, domin sirrin da ke tsakanin lauya da mai ƙara doka ta kare shi. Ƙarya a gaban hukuma kuwa ba a yin ta.

Idan babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Jihar Katsina ta sanya hannu a dokarta ta hana cin zarafin mutane a 2023, kuma tana da dokar kare yara tun 2020, lauya zai duba abin da ya shafe ki a cikinsu.

Mataki na 4: a sa a sauke bidiyon

Sai an gama tara hujja ake wannan, amma kada a jira kotu. A kowane dandali akwai wurin kai rahoto, ki zaɓi dalilin da ya ce hoton tsiraici ne da aka yaɗa ba da izini ba, kada ki zaɓi "ban so" kawai. Ka'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fitar a 2022 ta ɗora wa manyan dandamali nauyin cire irin wannan cikin gaggawa. Google ma yana da fom na cire shi daga sakamakon bincike, ko da yake shafin da ya ɗauke shi yana nan.

Ga wadda ta kai 18, akwai StopNCII.org, wanda aka buɗe a 2021. Bidiyon ba ya barin wayarki. Shafin yana ciro masa wata lamba ta musamman, kamar zanen yatsa, ya miƙa ta ga kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook, Instagram, TikTok da Snapchat, su riƙa tare duk wanda ya yi daidai da ita. Ga wadda aka ɗauka tana ƙasa da 18, Take It Down ne, na cibiyar NCMEC ta Amurka. Dukansu kyauta ne, kuma ana iya amfani da su tun ana matakin barazana.

WhatsApp ne mai wuya, kuma shi ne kasuwar abin a wurinmu. Saƙonninsa a kulle suke, kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, don haka waccan lambar ta StopNCII ba ta tare komai a hirar mutane. Abin yi shi ne a kai rahoton lambar mai turawa, wanda ke aika wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe, sannan a rubuta wa admin a ce ya goge wa kowa. A ajiye shaidar cewa an faɗa masa. Duk wanda ya zo ya ce zai share bidiyon daga intanet baki ɗaya idan an biya shi, ɗan damfara ne na biyu.

Mataki na 5: takardar koke

Koke a rubuce ya fi na baki nauyi. Lauya ya rubuta zuwa ga DPO na yankinku, ko kwamandan shiyya idan Daura ko Funtuwa kuke, ko kai tsaye zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Katsina don a miƙa wa sashen binciken manyan laifuka. A ciki a sa tarihin abin da ya faru bi da bi, lambobi, asusun banki, adireshin wallafa, da sassan dokar da aka karya. A yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a naku. Idan ba a san mai laifin ba, ko yana wata jiha, rundunar 'yan sanda tana da Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet a Abuja. NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, kuma tana karɓar abin da ya shafi yara.

Ki nemi jami'a mace ta ɗauki bayaninki. Kada ki tura bidiyon zuwa wayar kowane jami'i ta WhatsApp. Mai rakiyarki ya faɗa da ladabi: "Ranka ya daɗe, muna roƙon a karɓi hujjar a rubuce, a rufe ta, kada ta zaga ofis." Ki karanta bayaninki kafin sa hannu, idan da Turanci aka rubuta a fassara miki.

Jinkiri yana da tsada. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan layi na shekara 2, kuma hukuma ce kaɗai za ta iya nema. Masu tunanin nisa ko sunan bogi zai ɓoye su, su tuna 'yan uwan nan biyu daga Legas da aka miƙa wa Amurka, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024, bayan wani yaro da suka yi wa irin wannan barazana ya kashe kansa. A shekarar ce kuma kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan wannan sana'a.

Mataki na 6: wace kotu, kuma me ake nema

Laifukan Dokar Intanet a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arsu, kuma akwai reshenta a Katsina. Laifukan kundin jiha suna zuwa kotun majistare ko kotun shari'a. Idan an same shi da laifi a ƙarƙashin sashe na 24, kotu tana iya ƙara masa umarnin hana shi sake tunkarar ki.

Ɗaurinsa daban, diyyarki daban. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, na 34 ya kare mutuncinsa, kuma lauya zai iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotu, ya nemi umarnin hana ci gaba da yaɗawa, da a goge, da ban haƙuri, da kuɗi. A ganina wannan hanyar ta fi ta ɓata suna ƙarfi idan bidiyon na gaske ne, domin wanda ake ƙara zai fake da cewa bai yi ƙarya ba. Idan kuwa haɗa shi aka yi da ƙirƙirarriyar basira, aka ɗora fuskarki a jikin wata, ɓata suna ya zauna daram. Idan makaranta ko kamfani ko asibiti ne ya yi sakaci da bayananki, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ki damar kai ƙara NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa. Ki ce wa lauya tun farko ya roƙi a saurari shaidarki ba a bainar jama'a ba.

Maganar sulhu za ta taso, domin nan Katsina ce: mai unguwa zai shiga, dattawan gidansu za su zo da "a rufa asiri", wataƙila a je Hisba. Sulhu alheri ne, amma wanda aka yi da baki, yaro ya ce ya goge, kowa ya shafa fatiha, ba ya hana shi ɗauko kwafin da ya ɓoye a imel ranar ɗaurin aurenki. Idan za a yi, a yi a rubuce gaban lauya: ya amsa shi ya yaɗa, ya lissafa waɗanda ya tura wa, a goge a waya da memori da ma'ajiyar intanet ana kallo, ya ɗauki alkawarin diyya idan ya sake. Ke kuma kada ki goge hujjarki. Idan ƙaramar yarinya ce, ba hurumin dangi ba ne su yafe laifin.

Idan kai ne ka tura

"Ai ni ma turo mini aka yi" ba kariya ba ce. Dokar ta ce wanda ya tura da saninsa, ba ta ce wanda ya fara ba, kuma sashe na 27 na Dokar Laifukan Intanet ya ba mai taimakawa da mai haɗa baki hukuncin mai aikatawa. Haka wanda ya saka a sitatus da "Innalillahi, dubi yadda tarbiyya ta lalace". Wa'azin da ya rubuta a ƙasa bai canza abin da ya ɗora a sama ba, kuma aya ta 19 ta Suratun Nur a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai take magana.

Ka goge wa kowa idan lokaci bai ƙure ba, ka bi waɗanda ka tura wa ka ce su goge. Ka rubuta lambar wanda ya turo maka da lokacin, domin ita za a fara tambayarka. Kada ka kira yarinyar ko danginta kana roƙo ko kana tsoratarwa, ka bi ta hannun lauya. Idan an gayyace ka, ka je da lauyanka, Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da shi. Kai kuma admin, da zarar an sanar da kai, ka goge, ka cire mai sakawa, ka ajiye hoton sanarwar da ka yi wa 'yan guruf cewa duk wanda ya sake ɗorawa za a miƙa lambarsa ga hukuma.